Birkin Ruwan Sabulu

Motar da yayana yake tuƙawa a Jidda ba ta da birki. Ba cewa nake yi birkin ya yi sanyi ba, babu shi ne kwata-kwata, sai abin da muke lallaɓawa. Ka taka sau ɗaya ƙafarka ta nutse har ƙasa, ka taka na biyu ta nutse, sai a na uku yake ɗan kamawa, in ya ga dama. Tsohuwar bas ce ja, irin waɗanda mutanen gari ke kira hattil balda. Tana kwasar mutane daga unguwarmu, can Kilo a hanyar Makka, ta bi ta gefen Ammariyya da Bab Makka, ta sauke su a bakin mina inda jiragen ruwa ke tsayawa. Ni ne mu'awin ɗinta, wato ni nake tsayawa a ƙofa ina kiran fasinja, ni nake kuma duba inji in ya yi tari, don na yi shekara huɗu a wani gareji a Bur Sudan kafin mu ƙetaro. Yaya kam tuƙi kawai ya iya. Ya kuwa iya, ban taɓa ganin mai hannun sitiyari kamarsa ba. Amma ka buɗe masa murfin inji, sai ya tsaya yana kallo kamar wanda aka miƙa wa wasiƙa bai iya karatu ba.

Motar ba tamu ba ce. Ta kafilinmu ce, wato wanda ya tsaya mana a ƙasar, wani ɗan gari mai shago a Bagdadiyya, wanda iƙamarmu mu biyu, takardar izinin zama, take kulle a aljihun teburinsa. Robar cikin mastan birkin ce ta cinye, duk man da aka zuba sai ya tsiyaye ƙasa. Gyaran kwana biyu ne, ba wani abin a zo a gani ba.

To, a can Sudan akwai dabarar da direbobin daji ke yi. In man birki ya ƙare maka tsakanin Gadarif da wani ƙauye, babu shago babu gareji, sai ka kaɗa sabulu a ruwa ka ɗura, ya lallaɓa ya kai ka gari. Dabara ce ta wuni ɗaya, ta wanda ya rasa yadda zai yi. Ni kuwa, da shegen son a ce na san aiki, na kwashe wannan labari na zuba wa kafili ranar da man ya fara zuba. Ya yi dariya, ya dafa mini kafaɗa ya ce, “Wallahi inta shatir,” wato ni gwani ne. Tun daga ranar bai sake sayen man birki ba. Kullum bayan sallar asuba ina zaune a gindin mota da gwangwani da wuƙa ina kankare sabulu. Da safe yana ɗan riƙewa. In rana ta take, zafin Jidda ya haɗu da zafin ƙarfe, sai ruwan ya tafasa a cikin bututu, birki ya zama iska. Saboda haka na sassaƙa waigi da guntun kututture, na ajiye shi a ƙarƙashin kujerar ƙofa. In Yaya ya yi ihu, “Waigi!” sai in dira ina gudu a gefen mota in cusa shi ƙarƙashin tayar baya. Haka muka yi wata da watanni, mutane suna shiga suna fita, ba su san a kan me suke zaune ba.

Sahunmu na farko kowace safiya na 'yan dakon mina ne. Yamalawa, Halarmawa, Barebari, da Hausawanmu na unguwa, kowa da ƙugiyarsa ta ƙarfe a ƙugu, wadda yake cafkar buhu da ita. A ƙofar mina akwai rayyis, shugaban leburori, shi yake zaɓar masu aikin ranar da sassafe. In ya cika adadinsa sai a ja ƙofa, wanda ya makara ya koma gida hannu rabbana. A wannan lokacin na safe babu wata mota a unguwarmu sai tamu, in kuwa da ƙafa ne, kafin ka isa an daɗe da rufewa. Shi ya sa ko minti biyar muka yi latti sai ka ji zagi da harsuna uku.

Wata rana dab da azahar, ana tsakiyar zuwan alhazai gari ya cika maƙil, muka shigo Bab Makka mota cike. Daga ƙofa na ga ƙafar Yaya ta nutse. Ya sake takawa, ta nutse. Na uku, na huɗu, babu komai. Ya yi ihun waigi, na dira, na cusa. Tayar ta hau kansa ta tofar da shi baya, ya same ni a ƙwauri na kife. Ina ƙasa na ji Yaya ya danna giya da ƙarfin tsiya, giyar ta yi wani irin kuka, motar ta ci gaba da tafiyarta.

A gabanmu akwai mai sayar da ruwa da jakinsa yana jan tanki. Bayan jakin kuma, a gindin bango, matan unguwarmu ne masu tallan gyaɗa, su huɗu a jere da farantansu. Jakin ne ya tsayar da motar. Ta niƙe ƙafafunsa na baya a ƙarƙashin bamba, ta matse shi da tankin, tankin ya fashe. Ruwa da jini suka kwarara har cikin farantan gyaɗa. Na ɗingisa na je na duba, tsakanin bamba da gwiwar tsohuwar da ke farkon layi bai kai taku biyu ba. Tana zaune ba ta motsa ba, mudun awonta yana hannunta. Jakin yana ta kuka yana dukan ƙasa da kai, ƙashi a waje fari fat, har sai da wani mahauci ya zo da wuƙa ya hutar da shi. Mai ruwan ya juyo kaina da sandarsa ya zabga mini uku a gadon baya, yana duka yana kuka, ban ko tare ba.

Yaya ya sauko. Ya ɗaga hannu sama a gaban jama'a ya ce, da Hausa ya maimaita da Larabci, “Wallahi tallahi gobe ba na tada wannan makarar! Kowa ya nemi motarsa!” A cikin fasinjojin akwai 'yan dako biyu ko uku da suka tashi aiki da wuri. Sun ji shi sarai.

Da la'asar muka je wa kafili. Ya riga ya sallami mai ruwa, yana zaune yana shan shayi kamar ba a yi komai ba. Yaya ya fara magana a hankali, ni na katse shi. Na ce roba muke so da man birki, da kwana biyu a gareji.

“Yomen?” in ji shi. “Kwana biyu a lokacin alhazai? Inta majnun? Ka haukace ne?”

Na ce yau jaki ne, gobe mutum ne. Ya ce ai ni na kawo maganar sabulu, in ƙara sabulun ya yi kauri. Nan raina ya ɓaci, na daki teburinsa har shayin ya zube. Ban ankara ba ya cire takalminsa ya make ni a baki. Takalmi fa! Ina da mata, ina da gemu. Na yi kansa, da niyyar ko ni ko shi, Yaya ya cafke ni ta baya ya ɗaga ni sama ƙafafuna na wutsil-wutsil. Kafilin bai ko tashi ba. Ya ja aljihun tebur ya fito da iƙamarmu biyu, ya ajiye a gabansa, ya ɗora kofin shayi a kai.

“Gobe ko mota ta fita, ko ku ku fita,” ya ce. “Jirgin Bur Sudan yana nan a mina. Halas.”

Muka kamo hanyar gida. Da muka shiga, Yaya ya ce zai yi kaffarar rantsuwarsa, azumi uku ba ya kashe mutum, gobe mu fito kamar kullum. Na ce masa, “Yaya, ashe kai matsoraci ne? Ka ga tsohuwar nan kuwa?” Ya ce ya gan ta, ya kuma ga bakin mutum tara da ke cin abinci a gidan nan, har da Inna da ba ta iya tashi. Ya ce zai riƙa tafiya a giya ta biyu, zai kauce wa Bab Makka in rana ta yi. Na ce giya ta biyu ce ta kashe jakin. Na ƙara da wata magana da bai kamata ƙane ya faɗa wa wansa ba, na ce in ya kashe mutum ni zan fara ba da shaida a kansa. Naushi ɗaya ya yi mini, a daidai inda takalmin ya fasa, na tafi da baya na faɗa kan tulun ruwa. Na tashi na rarumi kujerar tsugunno. Matarsa ce ta shiga tsakaninmu, ta ce in mun gama kashe juna mu gaya mata wanda za ta fara yi wa wanka.

Washegari bayan asuba na riga kowa fita, da gwangwanina da sabuluna. Na kaɗa, na ɗura. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin mota, sai ga ruwan yana ɗiga a yashi, ɗis, ɗis, tun ban rufe murfin ba. Haɗarin jiya ya ƙarasa robar. Wannan ko Ammariyya ba zai kai mu ba.

A jikin injin akwai dilko, wata 'yar tukunya mai raba wa fulogai wuta. A cikinta akwai rota, mutanen Jidda suna ce mata shakush, ɗan abu ne da bai wuce babban yatsa ba, in babu shi mota ba ta tashi ko za a kwana ana murza ta. Na buɗe, na zare, na mayar da murfin. Na cusa rotar a cikin kuben zariyar wandona na ɗaure. Lissafina shi ne mota za ta ƙi tashi, kafili ba shi da wanda zai kama da laifi tunda lalacewa ce daga Allah, a ja ta gareji, in ta shiga gareji kuwa dole a taɓa birkin. Har murmushi na yi ni kaɗai. Gani nake duk Jidda babu mai wayona.

'Yan dako suka fara zuwa, suka cika mota har ƙofa. Yaya ya fito, bai kalle ni ba, ya hau ya murza makulli. Inji ya yi gurnani ya yi shiru. Ya sake, ya sake. Ya ce in kawo handil ɗin murza inji. Na zura handil ina juyawa ina gumi, ina wasan kwaikwayona. Wani ya ce a tura. Duk suka sauko, ƙarti sama da talatin, suka tura ta har bakin kwalta suka dawo da ita, tana ta tari babu wuta. Gari ya waye tangaran. Aka fara duban gabas, aka fara tsaki. “Yalla ya sawwag! Direba, mu tafi! Yalla!” Na buɗe murfin inji ina taɓa wancan ina taɓa wannan, ina cewa mai yiwuwa kafireto ne, sai dai gareji.

Abin da ban saka a lissafina ba shi ne wani dogon mutum ɗan unguwarmu, Bahaushe ɗan'uwanmu, da muke sallah sahu ɗaya da shi. Kafin ya koma dako ya yi shekaru yana jan babbar mota a Madani, can Sudan. Kwana uku a jere rayyis bai zaɓe shi ba, ga 'yarsa kwance ba lafiya, kowa ya sani. Ya ture ni gefe da kafaɗa ya ce, “Matsa, malam bakanike.” Bai taɓa kafireto ba. Ya zare wayar fulogi ɗaya ya kara a jikin inji ya ce a murza, bai ga wuta ba. Ya sa hannu ya ɓalle murfin dilko. Ya leƙa, ya ɗago.

“Ina shakush?”

Ya ɗaga murfin sama yana nuna wa mutane ramin. “Wannan ba ya faɗuwa da kansa. Cirewa aka yi!”

Sai wani daga baya ya ce ai jiya a Bab Makka direba ya rantse ba zai tada motar ba, shi da kunnensa ya ji. Wani ya ce shi ma ya ji. Maganar ta zaga da Larabci, ta zaga da Barbarci, kafin ka ce me sun kewaye ƙofar direba. Yaya ya sauko. Ya dubi murfin da ke hannun dogon, ya juyo ya dube ni. Sau ɗaya ya dube ni, daga fuska zuwa ƙugu, ya kawar da kai.

“Ni na cire,” ya ce. “Motar ba ta da birki. Ba zan kashe ku ba.”

“Birkinka ya ci uwatar!” in ji wani. “Wata nawa kana kai mu da shi? Kawo!”

“Na jefa a masai.”

Marin farko daga baya ya zo masa. Ya juya ya mayar, wanda ya mare shi ya zube. Daga nan suka rufe shi. Yaya ƙato ne, ya kayar da uku ko huɗu kafin wani ya kwashe masa ƙafafu. Ni kuwa handil yana hannuna, na shiga cikinsu ina kai duka ta ko'ina, na ji ya sauka a kafaɗar wani, wani abu ya yi ƙas. Aka shaƙo ni ta baya, aka fizge handil ɗin, aka buga ni da ƙasa. Mutum biyu suka haye kaina, ɗaya a gadon baya ɗaya a wuya, fuskata a cikin yashi, bakina ya sake fashewa. Rotar tana tokare da marata, duk numfashin da na ja sai na ji ta.

Ta tsakanin ƙafafun mutane nake hango shi. Ya dunƙule ya rufe kansa da hannu, suna shuri, a haƙarƙari, a baya, a ciki. Ba su daina ihu ba, “Hat! Hat! Kawo shi!” Su ba kashe shi suke so su yi ba, abin suke so, su tada mota su tafi. Na san haka a lokacin, ba daga baya na gane ba. Kalma biyu ce, “Ga shi,” su sake shi. Na buɗe baki, yashi ya shiga. Na tuna gwiwar tsohuwar nan, na tuna ruwan da na gani yana ɗiga, na ce a raina bari su gaji, yanzu za su gaji, in na ba su duk sai sun mutu a Bab Makka. Wannan gaskiya ne, na yi wannan tunanin. Amma akwai wani a ƙarƙashinsa, shi ma gaskiya ne, kuma na daɗe ban faɗa wa kowa ba. Tsoro nake ji. Na ga abin da suke yi wa wanda suke zargi, na auna abin da za su yi wa wanda suka kama da abin a wandonsa bayan ya sa sun tura mota har kwalta. Na rufe bakina.

Dogon ne ya ture mutane ya shiga tsakiya. Ya kama Yaya ta wuyan riga ya ɗago shi zaune, yana girgiza shi yana kuka da hawaye, “Ka ba ni, don girman Allah ka ba ni, yarinyata ba ta ci komai ba!” Yaya ya tofar da jini ya ce babu. Sai dogon ya zaro ƙugiyarsa. Daga baya ya rantse cewa da bayan ƙugiyar ya yi niyyar bugawa, na kuma yarda da shi. Amma Yaya ya juya kai a daidai lokacin, bakin ƙugiyar ya shiga ta gefen idonsa na dama ya fito da abin da ya fito da shi.

Ban taɓa jin yayana ya yi ƙara ba sai ranar. Ko da babbar mota ta taka masa yatsu muna yara a Gadarif, cije leɓe ya yi. Wannan ƙarar ta sa waɗanda ke kaina suka tashi da kansu.

Matar Yaya ta fito da taɓarya, babu mayafi babu takalmi. Ba ta tambayi kowa komai ba, ta sauke ta a hannun dogon, ƙugiyar ta yi tsalle ta faɗi can, hannun ya lanƙwashe ta inda babu gaɓa. Ta juya kan na kusa da shi. Amma sun riga sun fara watsewa, jinin ya kore su. Wasu suka yi bakin kwalta da gudu suna tare manyan motoci, wasu suka shige lunguna. Cikin minti kaɗan fili ya rage daga mu sai 'yan unguwa da suka fito, da takalma warwatse a yashi.

Ta zauna ta ɗora kan Yaya a cinyarta, ta toshe wurin da ɗankwalinta, ɗankwalin ya jiƙe nan take. Tana ta cewa, “Mota! Ku nemo mota! Asibiti!” Wace mota? Duk unguwar mota ɗaya ce, ga ta nan tsaye murfinta a buɗe. Wani dattijo ya ce a nemo amalanke. Na dubi jinin, na san amalanke ba zai kai shi ba.

A gabanta na tsaya, a gaban dattijon da matan unguwa da yaran Yaya, na kwance zariyar wandona na zaro rotar. Na mayar da ita wurinta, na tsinci murfin dilko a ƙasa na busa yashin na rufe. Murzawa ɗaya motar ta tashi.

Matar Yaya ta dube ni. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ce wa dattijon, “Baba, kama mini ƙafafunsa.”

Ni na tuƙa, da ɗan tuƙin da na koya a gareji. Babu birki ko na kwabo, hannuna a kan ham tun daga Kilo har cikin gari, ina zagin duk wanda ya gifta. Ban taɓa kowa ba. A ƙofar asibiti na goga gefenta da wani tarin yashin magina ta tsaya. Aka shiga da shi. Ina zaune a bakin ƙofa har azahar, sai ga ɗan aiken kafili da wani direba, suka karɓi makulli. Kafin la'asar motar tana kan hanya tana kiran fasinja, da sabon mu'awin da gwangwaninsa.

Idon bai dawo ba, haƙarƙari uku kuma sun karye. Tuƙi ya ƙare wa Yaya daga ranar. Kafili ya jefo mana iƙamarmu ya ce mu nemi wani kafilin, dattawan unguwa suka yi ta faɗi-tashi har aka samu mai karɓarmu. Su dattawan ne kuma suka kawo dogon, hannunsa a ɗaure da karare, ya durƙusa a tsakar gidanmu yana kuka. Yaya ya ce ya yafe masa duniya da lahira, ya ma hana a kai maganar gaba. Ni bai ce ya yafe mini ba, bai ce bai yafe ba. Bai taɓa tada maganar ba sam. Muna cin tuwo kwano ɗaya, yana yi mini wasa kamar da, in na shigo ta damarsa sai ya ce in zagayo ta inda ake ganin mutane. Matarsa ce ta yi shekara biyu tana ajiye mini abinci ba tare da ta kira ni ba.

Motar kuwa ta ci gaba da yawonta shekara da shekaru. Na riƙa bin labarinta kamar mai jiran wani abu, Allah ya yafe mini, in na ji an yi haɗari a gari sai in tambaya wace mota ce. Ba ita ba ce. Ban taɓa jin ta kashe ko akuya ba, har injinta ya buga aka yar da ita a bayan gari.

Daga baya Yaya ya samu gadi a wani sito a Madinar Masana'antu ta Jidda, lokacin ana fara gina wurin. Wata Juma'a na kai masa abincin rana, muna zaune a inuwar bango, ya tsufa, ni ma furfura ta fara. Ban san abin da ya taso mini ba, na ce, “Yaya, ranar nan, me ya sa ka ce kai ne?”

Ya ci gaba da tauna. Ya ce, “To wa zan ce? Kai ƙanena ne.”

Na ɗauka ya gama. Ya wanke hannu, ya goge da gefen riga, ya juyo gaba ɗaya don ya gan ni da kyau.

“Amma ina ƙasa ina jiranka,” ya ce. “Duk shurin da ya sauka sai in ce, yanzu zai fito da shi. Har mutumin nan ya ɗaga ƙugiya ina cewa yanzu zai fito da shi.”

Ya miƙo mini kwanon ya ce in gaida gida, in kuma gaya wa matata gishirin ya yi yawa. Na karɓa na fito. Daga can har unguwarmu tafiya ce mai nisa, motoci suna ta tsayawa suna kirana, da ƙafa na koma.